Ilmin Kwamfuta: Kada Mu Sauka Daga Motar Da Ba Mu Hau Ba

Daga Wakilinmu

A 'yan kwanakin nan akwai wata magana da ke yawo a bakin iyaye da ɗalibai, tun daga Funtuwa har zuwa Ƙanƙara, cewa wai karatun kwamfuta ya zama aikin baban giwa, domin na'urar ta koyi rubuta manhaja da kanta, kuma manyan kamfanonin Amurka suna ta sallamar ma'aikata. Wani dattijo a Faskari ya shaida mini cewa saboda wannan labari ne ya hana ɗansa zaɓen fannin kwamfuta a takardar neman shiga jami'a. Ya kamata mu auna wannan magana da hankali, tun ba ta zame mana dalilin wata sabuwar asara ba.

Da farko dai, maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000. A watan Janairu na 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000. A daidai wannan lokaci ne aka fito da ChatGPT da ire-irensa, waɗanda ke iya rubuta ƙananan manhajojin da a da ake ɗaukar sababbin ma'aikata dominsu. A nan gida ma, kamfanin Andela da aka kafa a Ikko a 2014, ya rabu da ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda a 2019, saboda masu ba da aiki sun fi neman ƙwararru. Saboda haka wanda ya ce ƙofar shiga ta ƙara tsukewa, gaskiya ya faɗa.

Amma wannan ba shi ne karo na farko ba. Bayan da kasuwar kamfanonin intanet ta karye a 2000 da 2001, yawan ɗaliban da ke shiga fannin kwamfuta a jami'o'in Amurka ya ragu da kusan rabi cikin 'yan shekaru. Waɗanda suka daure suka gama, su ne aka riƙa rububinsu sa'ad da wayar hannu ta zamani ta mamaye duniya. Kasuwar aiki tana hawa tana sauka kamar farashin masara a Ɗandume, kuma ba manomin kirki da ke barin gona don farashin shekara guda.

Babban abin lura shi ne, ciwon Amurka daban, namu daban. Su masana ne suka yi musu yawa, mu kuwa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙarancinsu ke damunmu. Kowa ya san abin da ya faru ran 11 ga Disamba, 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, watau irin makarantar da ya kamata ta riƙa fitar mana da masana lissafi da kwamfuta. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan uku, aka yi watanni ba waya ba intanet. Yaron da ya tashi cikin wannan hali, ba a taɓa ba shi damar shiga sana'ar ba, balle a ce masa ta cika.

Duk da haka, rayuwarsa ta riga ta rataya a kan na'urar. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Katin shaidar ɗan ƙasa, da albashin ma'aikata, da tantance masu zaɓe, da kuɗin da ake turawa ta waya a kasuwar Sheme, duk da ita ake yi. Idan ba mu da 'ya'yan da za su riƙe waɗannan ayyuka, to za mu ci gaba da ɗauko mutane daga nesa muna biyansu, su tafi da kuɗin da kuma sanin.

Sai dai tilas mu faɗa wa kanmu gaskiya game da irin karatun da muke bayarwa. Na taɓa shiga wani aji inda malami ya zana kwamfuta a allo da alli, yara suna kwafewa a littafi, ba wanda ya taɓa ɗora yatsa a kanta. Takardar shaidar da aka samu ta wannan hanya ita ce ta rasa daraja, kuma dama can ba ta da ita. Na'urar da ke rubuta manhaja tana kuskure, kuma sai wanda ya san lissafi da tushen aikin ne zai gane kuskuren ya gyara.

Don haka ga ɗalibanmu: kada ku gudu, amma ku sake shiri. Ku riƙe lissafi da Turanci da kyau, sa'an nan ku haɗa kwamfuta da wani fanni da ƙasarmu ke bukata, kamar aikin gona, ko kiwon lafiya, ko ajiyar kuɗi. Manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta rarraba fannin zuwa rassa, ciki har da tsaron bayanai da injiniyancin manhaja. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya duk suna kusa da ku. Shirin horar da matasa miliyan uku da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 ma, ba na 'yan Ikko da Abuja kaɗai ba ne.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati kuwa, nauyi ya fi yawa a kanku. Ɗakin kwamfuta mai hasken rana a kowace babbar sakandare ta waɗannan ƙananan hukumomi, da malami mai albashin da zai zaunar da shi, da tsaron da zai sa iyaye su saki jiki, sun fi kowane taron ƙara wa juna sani amfani. Har wa yau, idan ofis yana da aikin adana bayanan asibiti ko na haraji, a fara duba 'ya'yanmu da suka karanta fannin kafin a ba ɗan kwangila daga waje. Ɗalibi yana bin karatun da ya ga ya ciyar da yayansa ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya shiga jami'a bana sai bayan shekara huɗu zai fito, kuma ranar da za mu neme shi, ba za mu same shi ba in yau muka hana shi shiga. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa mu gane.