Kafin Ka Ɗauki Bulala, Tambayi Idon Yaro

Ya ku 'yan'uwana masu shirin zama malamai, ga wani abu da ya same ni a lokacin gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a nan Gombe, wanda har yau ina jin kunyarsa.

Na zana taswirar Nijeriya a allo, na yi hanyar jirgin ƙasa da jan alli, kurmi kuwa da kore. Na ce wani yaro ya nuna mini layin dogo da ya biyo ta Gombe zuwa Maiduguri. Sai ya tsaya yana ta lalube. Na ɗauka iskanci ne, na zuba masa bulala biyu. Ashe yaron nan ja da kore duk kusan ɗaya suke a idonsa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma a ranar nan malamin ne ke cikin duhun.

To, ga yadda abin yake. A can bayan idon mutum akwai 'yan ƙwayoyi iri 3 masu rarrabe launi. Shanu da karnuka iri 2 kaɗai gare su, suna gane shuɗi da rawaya, amma ja da kore na rikita su. Bafulatani a kasuwar shanu yana iya rarrabe Bunaji fari da Rahaji ja tun daga nesa, amma jan nan da yake yabo, saniyar ba haka take ganinsa ba. Ko bajimin da ake wasa da shi a Sifen, motsin ƙyallen ne ke tunzura shi, ba jansa ba. Kaza da tantabara kuwa sun fi mu, iri 4 gare su. Ƙudan zuma na ganin wani haske a jikin fure wanda ba mu iya gani. Tsando kuma shuɗi ke jawo shi, shi ya sa ake yi masa tarko da shuɗin yadi.

In haka halittar Allah ta bambanta, me zai sa mu ɗauka idanun yaran aji duk ɗaya ne? Tun 1794 wani masani a Ingila, John Dalton, ya bayyana cewa shi kansa ba ya ganin launi kamar sauran mutane. Gado ne, yawanci ta wajen uwa, kuma ya fi kama maza. A Turai kamar namiji 1 cikin 12 ne. A ƙasashenmu bai kai haka yawa ba, amma akwai shi, kuma ba ya warkewa.

Wani zai ce ai ƙaramin abu ne. Ni ban yarda ba. Yaron da aka doka a kan abin da ba laifinsa ba zai tsani makaranta. In kuma ya girma bai san halinsa ba, ya shiga aikin lantarki inda ake bin launin waya, ransa ma na cikin hatsari.

Shawarata ita ce: mu fi amfani da farin alli, mu riƙa rubuta sunan launi kusa da zane. Yaron da muka ga yana rikicewa, a gaya wa iyayensa su kai shi ga likitan ido. Akwai gwajin ɗige-ɗige masu ɓoye lamba wanda wani likitan Japan, Ishihara, ya fito da shi a 1917, cikin 'yan mintoci ake gamawa.

Allah Ya ba mu haƙuri da amanar da aka damƙa mana, amin.