Mu riƙa yi wa Faransanci i'irabi

Ƴan uwa ɗalibai, akwai maganar da aka saba yi a kanmu ƴan madarasa a nan Nijar, wai Larabci ya cika mana kai, shi ya sa Faransanci ba ya zama. Ni dai ban yarda ba. A ganina ma mun fi ƴan lakol kayan aiki a wuri guda, wato wajen lamirai, waɗanda mushe yake kira pronoms.

Duk wanda ya zauna gaban malam da Ajurrumiyya ya san ba a barin kalma ta wuce sai an tambayi matsayinta: fa'ili ce, ko maf'uli, ko kuwa harafin jarra ne ya ja ta? Mai littafin, Ibn Ajurrum mutumin Fas, ya rasu tun 1323, amma har yau da ɗan littafin nan ake buɗe mana ido. To, da an shiga darasin Faransanci sai mu ajiye wannan tambaya a bakin ƙofa, mu hau rera le, la, les, lui, leur da baki ɗaya. Hadda kuwa ba ta gaya maka wanne za ka ɗauka ranar jarrabawa. Matsayin kalma a cikin jumla shi ke gaya maka.

Ku dubi Hausarmu ma. Muna cewa "na gan shi", amma "na yi masa magana". Babu ɗan Maradi ko Damagaram da ke rikita shi da masa, ko yaro ne. Haka Faransanci yake: je le vois, je lui parle. Le, la da les su ne maf'ulin da aiki ya faɗa kansa kai tsaye. Lui da leur kuma suna tsayawa ne a madadin sunan da à ya shiga gabansa. A nan har mun fi su, don lui ɗaya ne ga masa da mata.

Leur ɗin nan fa shi ke cinye maki. Iri biyu ne. Wanda ke gaban fi'ili ma'anarsa musu, kuma ba ya karɓar s ko mutum dubu ake nufi: je leur parle. Wanda ke gaban suna na mallaka ne, shi ke canzawa: leur livre littafinsu, leurs livres littattafansu. Kunne ba ya rabe su a dikte, sai i'irabi. Haka nan je les ai vues, idan mata ka gani: an ƙara es ne saboda maf'uli na kai tsaye ya riga fi'ili zuwa. A je leur ai parlé kuwa ba a ƙara komai, don leur ba irin wannan maf'ulin ba ne.

Na san wasu za su ce gwama harsuna yana rikita yaro, gara kowane ya tsaya a ajinsa. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin akwai wuraren da harsunan suka raba hanya. Lamirin Larabci yana manne a bayan fi'ili, ra'aituhu, na Faransanci kuma yana zuwa gaba, sai fa a umarni irin regarde-le. Balarabe yana cewa allazi ra'aituhu, ya maido da lamiri a ƙarshe, amma wanda ya rubuta l'homme que je l'ai vu ya sha jan biro, don que ya riga ya ɗauki matsayin maf'uli, kamar yadda qui ke ɗaukar na fa'ili. Mafi sharri shi ne demander. Mu "na tambaye shi" muke cewa, Larabci ma sa'altuhu, amma Faransanci je lui demande yake so, tunda demander à ne. Sai dai ku lura, wa zai gane waɗannan ramuka in ba wanda ya kwatanta ba? Ko an hana mu, kanmu yana fassarawa a ɓoye. Gara a fito da fassarar fili a kan allo, a nuna mana inda take kayar da mutum.

Don haka ina roƙon malamanmu, Allah ya saka musu da alheri, ko sau ɗaya a wata malamin nahawu da mushe su shigo aji tare, musamman ajin da zai zauna BEPC. A rubuta jumla ɗaya da harsuna uku, mu yi mata i'irabi. Mu kuma ɗalibai, kowa ya ware shafi a bayan kayensa, duk fi'ilin da ya ci karo da shi ya rubuta shi da harafinsa: parler à, obéir à, téléphoner à, amma aider da appeler babu komai a bayansu.