Kwana Biyu a Birnin Kano

A makarantun boko ba a karatu ran Asabar da Lahadi, ma'aikata da yawa kuma suna hutawa a waɗannan ranaku. Saboda haka wani lokaci uba yakan ɗauki 'ya'yansa, ko malami ya ɗauki 'yan ajinsa, su tafi wani babban birni su buɗe ido, su komo gida ran Lahadi da yamma. Wannan al'ada ce mai kyau, ya kamata a ƙarfafa ta. Amma kwana biyu kaɗan ne, birni kuwa da faɗi. Wanda bai shirya tun daga gida ba, sai lokaci ya ƙare masa a kan titi, ya komo da gajiya, in an tambaye shi abin da ya gani ya ce motoci da mutane.

A ɗauki birnin Kano alal misali. Baƙi da yawa in sun sauka, ba abin da ke jan hankalinsu sai dogayen benaye da gadojin sama da manyan kantuna masu fitilu. Nan za su wuni, su sha sanyi, su sayi alewa. Ba laifi ba ne mutum ya ga waɗannan, amma irinsu suna nan a Kaduna da Abuja da Ikko, har ma waɗanda suka fi su. Akwai kuwa abubuwan da ba a samunsu ko'ina a duniya sai a Kano. Mai kwana biyu kaɗai, waɗannan ya kamata ya nufa. Ya zaɓi wurare huɗu ko biyar, ya dube su a natse, ya yi tambaya a kan kowanne. Taura biyu ba ta taunuwa, balle gari guda a wuni biyu.

Wurin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne Dutsen Dala. A hau shi ran Asabar da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba. A gindin dutsen nan garin ya fara. Masu binciken kayan tarihi sun tono alamun da suka nuna mutane suna narka tama suna fid da ƙarfe a wurin shekara fiye da dubu da suka wuce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Barbushe, wanda ya shugabanci mutanen Dala a zamanin da suke bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafin ya fara sarauta a shekarar 999. Musulunci ya kafu daga baya, da zuwan Wangarawa daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385.

In yaro ya kai ƙololuwar dutsen, sai ya ga birni shimfiɗe a ƙarƙashinsa kamar tabarma. Ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga unguwanni sun cushe da juna. Daga nan zai gane dalilin da ya sa mutanen dā suka zaɓi wurin: ga ƙarfe na yin fartanya da mashi, ga tudu na hango abokan gāba tun suna nesa. Wannan darasi ne na labarin ƙasa da tarihi a haɗe, wanda malami zai yi mako yana bayaninsa a allo, ido kuwa ya ɗauke shi cikin rabin sa'a. Gani ya kori ji.

Da hantsi sai a sauko a nufi Gidan Makama, wanda ke kusa da fadar Sarki. An ce an gina shi domin Muhammadu Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama. Rumfa ya zama Sarkin Kano a 1463, ya yi sarauta har 1499, shi ne kuma ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano suka yi ta zama a bayansa. A zamaninsa ne babban malamin nan Shehu Magili ya zo Kano daga Arewacin Afirka, ya rubuta masa nasiha a kan yadda sarki zai riƙe jama'a da adalci. Yanzu an mai da Gidan Makama gidan ajiye kayan tarihi. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi na dā, da hotunan sarakuna.

Yaro mai hankali ba zai tsaya ga kayan da aka jera kaɗai ba, zai ɗaga kai ya dubi rufin. Magina sun jera azara sun lulluɓe ta da ƙasa, suka yi baka mai ɗauke da nauyin soro, ba ƙarfe ba siminti. Zai kuma lura ɗakin da sanyi ko da rana ta take, domin katangar ƙasa mai kauri ba ta barin zafi ya ratsa da sauri. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara raina ginin ƙasa ba. Daga nan kuma taku kaɗan ne zuwa babban Masallacin Juma'a, wanda aka sāke gininsa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A yi sallar azahar a can, a ci abinci, a huta.

Da la'asar sai karofin Ƙofar Mata. An ce tun shekarar 1498 ake rini a wurin. Kowace marina rami ce mai zurfi, ta fi tsayin mutum. Marini yakan zuba ruwa da baba da toka, ya bar su kwanaki suna ruɓa, yana motsawa da doguwar sanda, har ruwan ya nuna. Sa'an nan ya tsoma farin ƙyalle, ya ɗaga, ya sāke tsomawa. A nan akwai abin mamaki ga wanda ya zuba ido. Ƙyallen yakan fito daga ramin da ɗan tsanwa-tsanwa, sai iska ta buge shi sa'an nan ya rikiɗe ya koma shuɗi. Shi ya sa marini ba ya barinsa a ciki, yana ɗagawa yana mayarwa. Gwargwadon yawan tsomawa, gwargwadon duhun launi. Daga marina akan kai tufa wurin mabuga, su ɗora ta a kan gungume su yi ta bugu har ta yi ƙyalli. Irin wannan baƙin yadi mai sheƙi shi Buzaye suke naɗawa a ka, shi ya kai sunan ƙasar Kano har cikin Sahara.

Ran Lahadi da safe sai Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Sarki Rumfa ne ya kafa ta. Hanyoyinta matsattsu ne, rumfuna sun haɗa kai, kowace sana'a da layinta: ga dukawa da jakunkuna da takalma, ga masu sirdi da linzami, ga 'yan koli, ga masu turare da kayan yaji. Shekaru ɗaruruwa ayarin raƙuma suna zuwa nan daga Tarabulus da Gadamas da Agadas da gishiri da takarda da alharini, fatake kuma suna kawo goro daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yau. Jar fatar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa takan ƙetare hamada ta kai Turai, can a riƙa kiranta fatar Maroko, domin ta hannun mutanen Arewacin Afirka ta isa gare su. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta labarin cinikin garin da yawan tufafin da ake saƙawa. Ya kamata kuma yaro ya sani har bayi an sayar a kasuwar nan a zamanin dā. Tarihi yana da daɗi yana da ɗaci, duka biyu ake koyo.

Kafin a kama hanyar gida, a tsaya a dubi badala, watau ganuwar birni. Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Da ƙasa aka gina ta, da hannu, kwando bayan kwando. An bar gonaki a cikinta domin in abokan gāba sun kewaye gari kada yunwa ta ci mutane. Tana da ƙofofi da yawa, kamar Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa, kowacce da Sarkin Ƙofa mai rufe ta da dare a zamanin dā. Ta wajen Ƙofar Kabuga sojojin Turawa suka shiga birnin a 1903.

To, a nan ne maganar ta zama ta gaggawa. Badala tana ƙarewa. Ruwan sama yana zaizaye ta, waɗansu suna ɗibar ƙasarta, waɗansu sun yi gini a kanta, har a wurare da yawa ba sauran alamarta. A Ƙofar Mata ma ramuka da yawa sun bushe, domin yadin kanti ya fi araha, samari kuma ba su cika son gadon rini ba. Wanda yake tsammani abin da ya daɗe ba ya gushewa, ya tuna da dalar gyada. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyada ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shahara da shi. Akan jera buhuna dubbai a yi tsibi mai tsini kamar dutse, baƙi suna zuwa kallo. Yau ko ɗaya babu, sai a hoto. Yaron da ya ga badala da idonsa, aka gaya masa wanda ya gina ta, in ya girma ya zama magini ko alƙali ko shugaba, da wuya ya yarda a rushe abin da ya rage. Wanda bai taɓa ganinta ba kuwa, ba zai ji zafin rashinta ba.

Wani zai ce yara sun fi son gidan namun daji da kantuna, tsofaffin katangu ba za su ba su sha'awa ba. Gaskiya ne yara suna son wasa, ba kuwa wanda zai hana a ware sa'a guda a kai su su ga zaki da jimina. Amma katanga ba ta gundurar yaro sai in an tsai da shi gabanta ba bayani. In aka ce masa nan mahaya suke fita yaƙi, nan ake rufe ƙofa da magariba, wanda ya makara ya kwana a waje, sai ya ƙi tafiya. Wani kuma zai ce tafiya tana cin kuɗi. Kuɗin mota da na masauki lalle suna da nauyi, amma kallon kansa ba shi da tsada. Duban badala da zaga kasuwa kyauta ne, abin da akan bayar a sauran wuraren kuwa bai kai abin da kanti ɗaya zai cinye ba.

Akwai ladubban da ya kamata ɗan makaranta ya kiyaye. Ya tafi da littafi da fensir, ya rubuta sunan kowane wuri da abu ɗaya da ya koya a can. In ya iske dattijo yana aiki, ya fara gaisuwa, ya ce, "Baba, sannu da aiki," sa'an nan ya yi tambayarsa, gama matambayi ba ya ɓata. Kada ya ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Kada ya taɓa kayan tarihi, kada ya yi rubutu a bango. Kada ya rabu da babban da ya zo da shi, ya kuma haddace sunan unguwar da suka sauka, domin lungunan cikin birni suna kama da juna. Babba kuma ya bincika lokacin da ake buɗe kowane wuri tun kafin a tashi.

Ko an yi duk wannan, wurare da yawa za su rage. Ga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ga kasuwar hatsi ta Dawanau, ga Kantin Kwari na 'yan yadi. A bar su sai wani zuwa, sauri ya haifi nawa. Wanda kuwa bai sami ikon zuwa Kano ba, kada ya zauna. Katsina tana da Hasumiyar Gobarau, Daura tana da rijiyar Kusugu, Zariya tana da ganuwarta, Damagaram tana da fadar Sarki. Ko ƙauye ma ba ya rasa tsohuwar rijiya ko maƙera, da dattijon da ya san labarinsu. Ya je ya gaishe shi ran Asabar, ya zo wa 'yan ajinsu da labari ran Litinin.

Tambayoyi

1. Don me ya kamata a fara hawan Dutsen Dala kafin sauran wurare?
2. Faɗi abubuwa biyu da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a Kano.
3. Me yake sa ƙyalle ya koma shuɗi bayan an fid da shi daga marina?
4. Waɗanne abubuwa ne suke cinye badala?
5. Rubuta jimla biyar a kan wani tsohon wuri na garinku wanda ya kamata a kai baƙo ya gani.