Wa Yake Bin Marigayi Bashi?

 

Ya 'yan'uwa ɗalibai, idan aka ce mana mu tuna mutuwa, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne kabari da duhunsa, sai jikinmu ya yi sanyi na ɗan lokaci, gobe kuma mu koma gidan jiya. Mu a ganinmu, tunawar da ta fi amfani ita ce wadda za ta sa mutum ya tashi ya biya hakkin mutane tun yana da ƙafar zuwa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa sallar gawa a nan Damagaram ya san sanarwar da ake yi. Wani daga dangi zai ɗaga murya ya ce mai bin marigayi bashi ya zo ya same su. Ba a tambayar buhun hatsi nawa ya bari, ko littafi nawa ya sauke. Bashi ake tambaya. A darasin gado ma haka malam ya jera mana: a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sai abin da ya rage magada su raba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kuma Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) gawar wani mai bashin 'yan dinarori, bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

To, wani zai ce ai wannan maganar 'yan kasuwa ce da masu iyali, mu yara wane bashi gare mu? Akwai shi, wallahi, sai dai ƙanana ne shi ya sa ba a ƙirga su. Dala hamsin ta mai ƙosai da ke bakin makaranta, wadda ita ma bashin wake ta ci. Jikka guda ta mai shago. Kuɗin ɗan kabu-kabu da aka ce masa sai an dawo. Littafin Risala da aka ara tun bara, mai shi ya gaji da tambaya ya yi shiru (kuma shirun nan fa ba yafewa ba ne, kunya ce). Mafi nauyi duka, maganar da aka yaɗa a kan wata ɗaliba a WhatsApp, wadda ba ta da farashin da dangi za su biya bayan rai ya yi halinsa. Wa zai tsaya a sahu ya ce ta zo a mayar mata da mutuncinta?

Masu cewa bari in girma in samu sannan in gyara, su shiga maƙabarta su dubi tsawon kaburbura. Gajeru suna da yawa. Imam Nawawi, wanda muke haddace Arba'una Hadisi ɗinsa, ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira yana da shekara 45 kacal. Da ya jira furfura ba mu ga Riyadus Salihin ba. Mu kuwa ko 45 ɗin babu wanda ya rubuta mana takarda a kai.

Kuma ba mutuwa kaɗai ke raba mutane ba. Bayan walimar bana wasu za su tafi Kano ko Yamai ƙarin karatu, wasu aure, wasu su bi hanyar Agadas zuwa haƙar zinariya ko Libiya. Wanda kake zaune da shi tabarma ɗaya yau, wataƙila ba za ka sake ganinsa ba balle ka nemi afuwarsa.

Don haka muke roƙon malamanmu, Allah Ya ƙara musu lafiya, su ware mana yini guda kafin hutu. Kowa ya zo da abin da ya ara, ya rubuta bashinsa a shafin ƙarshe na littafinsa, ya nuna wa wani a gida inda yake. Wanda bai da abin biya ya je da kansa ya roƙi a ɗaga masa. Mai ƙosai ma a sanar da ita ranar, ta zo ta zauna a bakin ƙofa.