Jinin Kwana Biyar: Jibiya Na Buƙatar Rajistar Masu Bayarwa

Babu maganar da ke tayar wa mai jinya hankali a asibitocinmu kamar likita ya ɗago kai ya ce, “A nemo jini.” Nan take za a shiga buge-bugen waya, a taso ƙane daga kasuwa, a kira wa daga gona, wani lokaci har a yi cigiya a masallaci. In an dace, a samu wanda rukunin jininsa ya zo daidai. In ba a dace ba, sai a faɗa hannun masu sayarwa, ko a kama hanyar Katsina da marar lafiya rai a hannun Allah. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da Jibiya za ta daina neman jini sai bayan buƙata ta taso.

Buƙatar kuwa ba ta yankewa. Garin na kan hanyar da ta haɗa Katsina da Maraɗi, inda motocin kaya da na fasinja ke kai da komo, haɗari kuma ba ya sallama. Shekara da shekaru ƙauyukan ƙaramar hukumar sun sha fama da 'yan bindiga, raunin harsashi kuwa jini yake ci. Ga mata masu naƙuda: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa a dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma zubar jini na kan gaba a cikin dalilan. Ga yaran da maleriya ke ƙarar wa jini da damina, ga masu sikila.

A cikin masu wannan buƙata akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba, wato masu neman ƙwayoyin tsayar da jini, waɗanda likitoci ke kira filatilet. Ɓargo ne ke samar da su, su ne kuma ke taruwa su toshe bakin rauni idan mutum ya yanke. Mai lafiya na da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a cikin kowace maikurolita ta jini. Idan suka yi ƙasa da 10,000, jini na iya ɓallewa ba tare da rauni ba: dasashi ya yi ta tsiyaya, haɓo ya ƙi tsayawa, tabo ya fito a fata, mafi muni kuma jini ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa. Haka ke faruwa ga mai sankarar jini, da wanda ake yi wa ƙarin ruwan maganin daji, da wanda ɓargonsa ya gaza. Mai jegon da ta zubar da jini mai yawa da wanda aka harba su ma kan buƙace su, domin jinin da ya daɗe a firiji ba shi da sauran ƙwayoyin da za su yi wannan aiki yadda ake so.

A nan matsalar take. Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 35 zuwa 42 a firiji. Ruwan jini, in an daskarar da shi, yakan shekara. Amma filatilet ba sa shiga firiji. Ana ajiye su ne a ma'aunin zafi digiri 20 zuwa 24, a kan wata na'ura mai rausaya su dare da rana, kuma bayan kwana biyar sai a zubar, saboda a irin wannan ɗumi ƙwayoyin cuta kan hayayyafa a cikin leda. Duk wanda ya san zafin bazara a Jibiya da halin wutar lantarkinmu ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Hanya biyu ake samun su. Ta farko, a ɗebi ledar jini kamar yadda aka saba, a tace ta da na'ura tun ba ta huce ba. Sai an haɗa na mutum huɗu zuwa shida kafin a samu abin da zai ishi baligi ɗaya sau ɗaya. Ta biyu, a haɗa mai bayarwa da wata na'ura da ke jan jininsa, ta ware filatilet, ta mayar masa da sauran a jikinsa. Zaman kan ɗauki kamar awa biyu, mutum ɗaya ya wadatar da majiyyaci, kuma cikin 'yan kwanaki jikinsa ya mayar da abin da aka ɗiba. Sai dai wannan na'ura tsada gare ta, a wasu manyan asibitocin koyarwa da cibiyoyin jini kaɗai ake samunta. Inda babu ko ɗaya daga cikin biyun, likitoci kan koma ga sabon jini da aka ɗiba a ranar.

Ko ta wace hanya aka bi, amsar ɗaya ce: abin da ba ya wuce kwana biyar ba a tara shi, mutanen da za su ba da shi ake tarawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jibiya na buƙatar rajistar masu ba da jini don Allah, waɗanda aka riga aka san rukunin jininsu, aka gwada su, aka rubuta unguwarsu da lambar wayarsu, ta yadda in an kira da tsakar dare za a samu mutum cikin rabin awa. Daga cikinsu a ware masu iya zuwa Katsina, wadda ba ta kai kilomita 50 ba, a duk lokacin da aka buƙaci filatilet. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini, ƙungiyar direbobi, 'yan acaɓa, 'yan kasuwa, malaman makaranta da jami'an da ke aiki a bakin iyakar Magama, duk sun isa cika wannan littafi.

Akwai tsoro a zukatan jama'a, kuma ya kamata a amsa shi da gaskiya. Baligi na da kimanin lita biyar ta jini, abin da ake ɗiba kuwa mililita 450 ne, jiki kuma na mayar da shi. Allura da leda sababbi ne, sau ɗaya ake amfani da su. Ana gwada kowace leda don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Mafi yawan malamai sun halatta ba da jini don ceton rai, sun kuma hana sayar da shi, kamar yadda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da tabbatar da cewa jinin mai bayarwa kyauta a kai a kai ya fi na kowa tsabta, domin wanda yunwa ta tura sayar da jini ba zai faɗi ciwon da ke jikinsa ba. Muna roƙon limamai da masu unguwanni su ɗauki wannan bayani zuwa mumbari da zaure.

Sai dai ba a neman jama'a su ba da jini alhali hukuma ta naɗe hannu. Idan kashi ɗaya cikin ɗari na al'umma na bayarwa, ƙasa za ta biya mafi ƙarancin buƙatarta, amma abin da ake tarawa a Najeriya bai kai rabin haka ba. An kafa hukumar kula da jini ta ƙasa da doka a 2021. Ya kamata a ji amfaninta a garuruwan iyaka, ba Abuja kaɗai ba. Muna kira ga gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa da ta haɗa hannu da wannan hukuma da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a tabbatar da cibiya mai tace jini da ware filatilet, mai wutar sola da ba ta ɗaukewa. A wadata Babban Asibitin Jibiya da firijin jini, kayan gwaji da motar da za ta kai ta kawo. A liƙa kuɗin gwaji a bango kowa ya gani, domin ranar da mai bayarwa ya ji an sayar da sadakarsa, ba shi kaɗai aka rasa ba, har da duk wanda zai ba labari.

Kada kuma rajistar ta tambayi mutum takardar ƙasa. Mutanen Jibiya da na Ɗan Isa da Madarumfa da ke Nijar dangi ne, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, marasa lafiya na ƙetarawa ta kowane ɓangare. Rufe iyaka a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023 bai yanke wannan zumunci ba. Ya dace jami'an lafiya na Katsina da na Maraɗi su riƙa musayar bayani kan masu rukunin jinin da ke da wuyar samu.

Ga mai karatu kuma, in shekarunka sun kai 18, nauyinka ya kai kilo 50, kana da lafiya, to kana cikin waɗanda ake nema. Namiji na iya ba da ledar jini duk bayan wata uku, mace duk bayan huɗu. Mai ba da filatilet ya guji asfirin kwana biyu kafin ya je. Ka je asibiti a wannan mako, a gwada rukunin jininka, ka bar lambar wayarka, in an kira ka amsa.