Tseren keke a Wudil: Ƙarfin ƙafa akwai, jadawali ne babu

A ƙasar Wudil keke ba baƙo ba ne. Da shi ake kai kayan gwari kasuwar Juma'a, da shi ɗalibai ke zuwa makaranta, kuma akwai samarin da za su taka shi zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 40, su dawo kafin azahar. Amma tambayi ɗaya daga cikinsu yaushe ne tserensa na gaba, da wuya ya iya faɗa maka wata, balle rana. A ganina wannan ita ce babbar matsalar matashin da ke burin zama ƙwararren ɗan tseren keke a yankinmu, ta fi ma rashin keke mai tsada.

A ƙasashen da wasan ya kafu, tun kafin shekara ta kama ɗan tsere ya san gasannin da zai shiga. Ya san wadda zai yi don ɗumama jiki, da wadda zai zuba duk ƙarfinsa a kai, da makonnin da zai huta. Manyan ƙwararru kan yi kwana 60 ko fiye a fagen tsere cikin shekara guda. Kowace gasa tana barin sakamako a rubuce, kuma wannan sakamakon ƙungiyoyi ke dubawa kafin su ɗauki yaro aiki.

Mu dubi Biniam Girmay na Eritiriya, wanda aka haifa a 2000. Ya taso ne a Asmara, inda tseren keke ya zama ruwan dare. A 2018 ya shiga cibiyar horarwa ta hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da ke Suwizalan. A farkon 2019, yana ɗan shekara 18, ya lashe zango ɗaya a gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon. A 2022 ya cinye Gent-Wevelgem a Beljiyam, sannan a 2024 ya lashe zango uku a Tour de France tare da koriyar riga. Hawa-hawa ya bi, kuma matakin farko a gida ya taka shi.

Mu kuwa fa? Ese Ukpeseraye, 'yar Jihar Delta, ita ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na Olamfik, a Paris a 2024. Da aka ba ta gurbi a tseren cikin zaure, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke. Wannan ya faru ne ga ƙasar da ke da filin tseren keke a Abuja tun wasannin Afirka na 2003. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan gwarzuwar ƙasa ta gamu da haka, ina ga yaron da ke Wudil?

Abin da ya fi yawa a Arewa shi ne matashi ya tako keke daga wani gari mai nisa don taya ɗan siyasa murna ko gaida wani mawaƙi. A ɗauki hoto, a ba shi kyauta, shi ke nan. Juriyarsa abin yabo ce, amma babu wanda ya riƙe agogo, babu abokin karawa, babu abin da zai nuna wa wata ƙungiya gobe. Kuɗin da ake kashewa a irin wannan tarba zai iya ɗaukar nauyin ƙaramar gasa.

Shawarata ita ce Ƙaramar Hukumar Wudil da Hukumar Wasanni ta Jihar Kano su fitar da jadawali na shekara guda wanda ya dace da yanayinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, a riƙa yin tsere duk bayan mako biyu. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ya tsananta, a taƙaita nisa, a fara da sassafe. A cire watan azumi da ranakun jarrabawa, a kuma kauce wa Juma'a saboda cunkoson kasuwa. A rufe kaka da babban tsere ɗaya, misali daga Wudil zuwa Gaya a dawo. A raba yara bisa tsarin UCI: 'yan shekara 17 da 18 daban, 'yan ƙasa da 23 daban. Wanda ya yi fice a miƙa sunansa ga jiha don gasannin ƙasa.

Wani zai ce ana fama da abin da za a ci, wa ke ta keke? Wani kuma ya ce hanyar Kano zuwa Maiduguri cike take da tireloli. Duka gaskiya ne. Shi ya sa ba za a yi tsere ba sai jami'an kiyaye haɗura sun tsare hanya na awa biyu ko uku, kowa kuma ya sa hular kwano. Batun kuɗi kuwa, a fara da kekunan da ke hannu, a ware musu rukuninsu. Agogo da littafin rubuta sakamako da ruwan sha ba za su gagari ƙaramar hukuma ba. Ga Jami'ar Aliko Dangote da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda a garin, za a iya neman taimakonsu da masu sa kai.

A Satumban 2025 aka yi gasar duniya ta tseren keke a Kigali, karo na farko a Afirka. Burkina Faso na shirya Tour du Faso tun 1987. Masu neman sabbin 'yan tsere suna duba sunayen da suka fito a takardar sakamako, ba sa bin gari-gari. Duk wanda ya kai 23 bai taɓa karawa da kowa ba, damarsa ta yi nisa. Don haka a sa rana, a sanar, a kuma cika alkawari, ko da yara 20 ne suka fito a tseren farko.