Laftof, netbuk ko kwamfutar allo: Wacce ta fi dacewa da ɗalibi, ma'aikaci da matafiyi?

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajarsa ta Windows 10 kyauta, in ban da waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi.

Wannan mataki ya shafi miliyoyin kwamfutocin tafi-da-gidanka, wato laftof, waɗanda ba su cika sharuɗɗan komawa kan Windows 11 ba. Galibinsu waɗanda aka ƙera ne kafin shekara ta 2018, kuma irinsu ne suka cika shagunan 'yan gwanjo daga Computer Village a Ikeja zuwa titin Beirut a Kano.

Hakan ya zo ne bayan faɗuwar darajar naira, wadda ta tashi daga kimanin 460 a kan kowace dala a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024.

Ga magidancin da ɗansa ya samu gurbin karatu a jami'a, ko ƙaramin ma'aikacin da ya daɗe yana tara kuɗi, sayen kwamfuta abu ne da ake yi sau ɗaya a shekaru da dama. Idan aka yi zaɓen tumun dare, babu damar gyarawa da wuri.

Tambayar dai ita ce: a sayi tsohuwar laftof, ko sabuwar kwamfutar hannu mai siffar allo da ake kira tablet, ko kuwa wata ƙaramar na'ura mai araha da ke tsakaninsu?

Duniya ta shafe kusan shekaru ashirin tana gwada amsoshin wannan tambaya, kuma gwaje-gwajen sun bar darussa.

Tashin netbuk da faɗuwarta

Labarin ya faro ne a 2005, lokacin da Nicholas Negroponte na cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka ya gabatar da shirin samar wa kowane yaro laftof ta dala 100. A watan Nuwamban shekarar aka nuna samfurinta a birnin Tunis, a gaban Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan.

Farashin bai taɓa sauka zuwa dala 100 ba, domin a lokacin da aka fara ƙera ta a ƙarshen 2007 ta doshi dala 200. To amma shirin ya farkar da manyan kamfanoni cewa akwai kasuwa a wajen masu ƙaramin ƙarfi.

A watan Oktoban 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fitar da Eee PC, mai fuska inci 7 da nauyin da bai kai kilo ɗaya ba, a kan kimanin dala 400. Kamfanin Acer da wasu suka bi sahu a 2008, aka kuma raɗa wa wannan rukuni suna netbuk.

Netbuk laftof ce da aka tsuke: tana da madannan rubutu da murfi, amma ƙwaƙwalwarta ba ta da ƙarfi. Ta yi kasuwa sosai a 2008 da 2009, lokacin da tattalin arziƙin duniya ya shiga mawuyacin hali.

Sai dai araha ba ta ado. Madannanta sun yi wa yatsun manya ƙanƙanta, tana nawa idan aka buɗe shafuka da yawa, sannan Microsoft ya gindaya iyaka kan girman fuska da ƙarfin na'urar da za ta samu Windows a farashi mai sauƙi. Su ma kamfanonin ribar da suke samu a kanta ba ta taka kara ta karya ba.

A ranar 27 ga watan Janairun 2010 shugaban kamfanin Apple, Steve Jobs, ya gabatar da iPad a birnin San Francisco, inda ya yi wa netbuk shaguɓe da cewa babu abin da ta fi iyawa, laftof ce kawai mai araha.

An fara sayar da iPad a watan Afrilu a kan dala 499, da batir mai ɗaukar sa'o'i goma. Cikin kwanaki 28 aka sayar da miliyan ɗaya, kafin ƙarshen shekarar kuma kusan miliyan 15. Zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina ƙera netbuk.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. A 2012 Microsoft ya fitar da Surface, kwamfutar allo mai murfin da ke ɗauke da madannai. A 2015 shi kansa Apple ya fitar da iPad Pro tare da madannai da alƙalami.

A ɗaya ɓangaren kuma, Chromebook da aka fara sayarwa a 2011, wadda ƙaramar laftof ce mai araha da ke aiki da manhajar Google, ta gaji netbuk a makarantu. An sayar da sama da miliyan 30 a 2020, shekarar da annobar korona ta tilasta rufe azuzuwa.

Wato sunan netbuk ne ya mutu. Buƙatar da ta haife ta, ta na'ura mai araha da za a iya rubutu da ita, tana nan.

Karatu: mai karantawa da mai rubutawa

A nan ne bambancin yake. Kwamfutar allo an gina ta ne domin karɓa: karanta littafi, kallon darasi, sauraron karatu. Laftof kuwa an gina ta ne domin samarwa: rubutu mai tsawo, lissafi, zane da haɗa manhaja.

Ga ɗalibin da ke bitar littattafan likitanci ko na shari'a masu ɗaruruwan shafuka, ko mai nazarin tafsiri da hadisi, kwamfutar allo ta fi daɗin riƙewa. Ana karatu da ita a zaune ko a kishingiɗe, wadda ke da alƙalami kuma ana iya yin ta'aliƙi a gefen shafi, har da rubutun Larabci ko Ajami.

Amma ranar da aka zo rubuta kundin kammala digiri, lissafin ya sauya. Shafuka sittin ko ɗari, da jadawali da jerin manazarta, ba aikin yatsa biyu a kan gilashi ba ne. Ɗaliban injiniya da zanen gine-gine da kimiyyar ƙididdiga suna buƙatar manhajoji irin su AutoCAD da SPSS, waɗanda cikakkunsu a kan laftof suke aiki.

Akwai kuma batun jarrabawa. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta kuma koma kanta kacokan a 2015. Ita ma WAEC ta fara nata a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Ɗalibin da bai saba da madannai da linzamin kwamfuta ba yana shiga ɗakin jarrabawa ne da fargaba biyu, ta tambayoyi da ta na'ura.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, wayar salula ta zamani ta riga ta ɗauke kaso mai yawa na aikin kwamfutar allo. Ɗalibin da ke da waya ya kuma sayi kwamfutar allo ya samu babbar fuska ne kawai. Wanda ya sayi laftof ya samu damar yin abin da a da ba zai iya ba.

Darasin gwamnatoci

Gwamnatoci da dama sun kashe maƙudan kuɗi kafin su fahimci cewa na'ura kaɗai ba ta koyarwa.

A 2007 an gwada laftof ɗin Negroponte a wata makarantar firamare da ke Galadima, a gefen Abuja. Yaran sun rungume ta, amma matsalolin lantarki da tsadar intanet da gyara suka bayyana, kuma maganar sayen guda miliyan ɗaya da aka yi a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo ba ta tabbata ba.

A ƙasar Peru, inda aka raba dubban ɗaruruwan waɗannan kwamfutoci, wani bincike da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya wallafa a 2012 kan makarantu sama da 300 bai ga wani ci gaba a sakamakon lissafi da harshe ba, ko da yake yaran sun ƙware wajen sarrafa na'urar.

A 2013 gwamnatin jihar Osun, ƙarƙashin Rauf Aregbesola, ta ƙaddamar da Opon Imo, wato allon ilimi da Yarbanci, kwamfutar allo da aka loda wa littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa domin ɗaliban sakandare. Hikimarta ita ce ba ta buƙatar intanet.

A shekarar ce kuma hukumar makarantun birnin Los Angeles a Amurka ta fara wani shiri na sama da dala biliyan ɗaya na raba iPad. Ɗalibai sun karya shingen tsaron na'urorin cikin makonni, an gano ana buƙatar sayen madannai daban domin jarrabawa, kuma a 2014 aka dakatar da kwangilar.

A Kenya, Uhuru Kenyatta ya yi alƙawarin laftof ga 'yan aji ɗaya a yaƙin neman zaɓen 2013. Da aka zo rabo a 2016 kwamfutocin allo aka bayar, daga bisani kuma gwamnati ta karkata ga gina ɗakunan kwamfuta a makarantu.

A duk waɗannan wurare, inda aka sayi na'ura kafin a horar da malamai a kuma tanadi lantarki da masu gyara, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ofis da fili

A wurin aiki ma rabon haka yake. Akawu da lauya da ɗan jarida da malamin jami'a suna buƙatar buɗe takardu da dama a lokaci guda, su haɗa na'urarsu da injin buga takardu, su shiga shafukan hukumomi waɗanda da yawansu an tsara su ne domin babbar fuska da linzami.

Ma'aikacin fili kuwa, kamar jami'in lafiya mai tattara bayanai gida-gida, ko malamin gona, ko mai shago da ke nuna wa masu saye hotunan kaya, a tsaye yake aiki. Babu teburin ɗora laftof. Na'urar BVAS da hukumar zaɓen Najeriya ta yi amfani da ita a 2023 wajen tantance masu jefa ƙuri'a 'yar wannan dangi ce.

Lantarki, ƙura da gyara

Inda kwamfutar allo ta yi wa laftof fintinkau a yankinmu shi ne wutar lantarki. A 2021 Bankin Duniya ya ce kimanin 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati.

Kwamfutar allo tana caji da cajar waya, ko batirin ajiya na aljihu, ko ƙaramin faifan sola, ta kuma yini. Laftof ta gama-gari tana jan wuta ninki uku ko huɗu na hakan, tsohuwa kuwa sau da yawa batirinta ba ya wuce sa'a biyu.

Haka kuma yawancin laftof suna da fanka mai zuƙar iska, wadda a lokacin hunturu ke zuƙar ƙura har na'urar ta riƙa zafi. Yawancin kwamfutocin allo ba su da fanka.

To sai dai wajen gyara laftof ce a gaba. Yawancin waɗanda aka ƙera domin ofisoshi ana iya kwance su da sukudireba, a sauya batir ko ma'ajiyar bayanai ko madannai. Kwamfutar allo a manne take da gam, kuma idan gilashinta ya fashe kuɗin gyaran kan kusanci na sayen wata. Masu arahar cikinsu kuma kamfanoni kan daina sabunta manhajarsu bayan 'yan shekaru.

Game da tsofaffin laftof ɗin da Windows 11 ta ƙi karɓa, ba su mutu ba. Suna ci gaba da aiki, amma ƙofarsu a buɗe take ga masu kutse, musamman ga mai hulɗar banki a kansu. Mafita ita ce a nemi wadda ta cika sharuɗɗa, ko a ɗora wa tsohuwar manhajar Linux, wadda kyauta ce.

Matafiyi

Ga matafiyi, nauyi da batir su ne kan gaba. Kwamfutar allo ba ta cika wuce rabin kilo ba, laftof kuwa takan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, ban da caja. Wasu kwamfutocin allo suna ɗaukar layin waya, don haka ba sai an nemi intanet na otal ba.

Mai zuwa Umara, ko ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Dubai ko Guangzhou domin duba kaya da aika saƙonni, kwamfutar allo ta wadatar da shi. Wanda zai je taro ya rubuta rahoto kafin ya dawo, gara ya jure nauyin laftof.

A idon jami'an tsaron jiragen sama dai kusan duk ɗaya suke. A watan Maris na 2017 Amurka ta hana shiga cikin jirgi da duk na'urar da ta fi waya girma daga filayen jirage goma, ciki har da Alƙahira da Jidda da Dubai da Istanbul, kafin ta janye dokar a watan Yulin shekarar. Ƙa'idar da ke nan daram ita ce batirin ajiya a jakar hannu ake riƙe shi, ba a jakar da ake awo ba.

Ratar da ke tsakanin na'urorin tana ƙara tsukewa. Tun 2021 Apple ke saka wa manyan iPad irin ƙwaƙwalwar da ke cikin laftof ɗinsa, su kuma sababbin laftof batirinsu na iya yini. Amma waɗannan na masu hali ne, kuma idan aka haɗa kuɗin kwamfutar allo mai kyau da na madannai da alƙalami, sau da yawa ya kan zarce na laftof.

Don haka ga wanda kuɗinsa na na'ura ɗaya ne, ma'aunin shi ne aikin da zai fi yi da ita. Idan karatu da kallo ne, kuma wuta na yi masa wuya, kwamfutar allo ta isa. Idan kuwa ana jiran ya miƙa wani abu da ya rubuta ko ya lissafa, ga malami ko ga shugabansa a ofis, to laftof ce, ko da tsohuwa ce, muddin an duba batirinta da shekarar da aka ƙera ta kafin a biya kuɗi.